Karen Bana da Zomon Bana: Tarihin Horo da Tukwici

Idan aka gama kaka a yammacin Kano, dawa ta shiga rumbu, iskar hunturu ta fara busar da ciyawa, akwai gangar da samari ke kasa kunnen jin ta a ƙauyukan Karaye da Rogo. Gangar farauta ke nan. A sa rana, a faɗi dajin da za a shiga, jama'a su fito da gora da barandami da kere, kowa da karnukansa, wasu a igiya wasu suna biye. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, shi ya sa taron kan haɗa mutanen da ba gwamna ɗaya ke mulkinsu ba, amma sun san juna tun iyaye da kakanni.

Da zarar zomo ya tashi, wurin ya hargitse. Ƙura, ihu, kiɗa, karnuka bila adadin sun bi shi a guje. A cikin wannan hayaniya sai wani mutum ya sa yatsu a baki ya yi fito, sai ka ga kare ɗaya tak ya juyo ya nufo shi. Babu igiya a wuyansa, babu katanga a gabansa, daji ne buɗe ta kowace kusurwa. Da ya ga dama da ya yi gaba. Me ya dawo da shi? Amsar wannan tambaya tana da tarihi mai tsawo, ya ratsa zaurukan malamanmu, ya bi ta wani injin niƙa a Amurka, ya ƙare a cikin kwamfutar da ke hannunka.

Kalmar horo a Hausa kaya biyu ta ɗauko. Idan aka ce an tura kurtu horo, koyo ake nufi. Idan aka ce uba ya hori ɗansa, ko hukuma ta yi wa mai laifi horo, to bulala ce ko 'yar'uwarta. Harshen bai damu ya raba su ba, domin a tunanin da muka gada koyarwa da sanda tafiyarsu ɗaya. A ganina mafarauta ne suka raba su tun da daɗewa, ba da baki ba, da aiki. Dalilinsu ma ba tausayi ba ne. Jakin da ka daka yana nan ɗaure a turke gobe. Karen da ka daka a gida, ranar da ka sake shi a daji, kai da ganinsa sai ya ga dama.

Kare tsohon mazaunin ƙasar nan ne. Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da zuriyar Dala da Barbushe, maharba ƙarfafa da aka ce suna kashe giwa da sanda. A cikinsa an ambaci baƙin kare cikin abubuwan da ake kai wa Tsumburbura hadaya. Sunan Karaye ma ya fito a kundin, cikin labarin yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, lokacin tana garin bakin iyaka mai ganuwa, daji kewaye da ita. Garuruwa da dama a ƙasar Hausa, in ka tambayi asalinsu, za a ce maka wani maharbi ne ya fara sare wurin. Sai dai maharbi daban, mafarauci daban. Maharbi shi kaɗai yake shiga daji da baka ko bindiga da asirinsa. Mafarauci kuwa ɗan taro ne, kuma rabin ƙarfinsa a ƙafafun karensa yake.

Da Wangarawa suka kawo Musulunci fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1349 da 1385, littattafan fikihun Malikiyya suka biyo baya, kuma a cikinsu akwai babi sukutum a kan karen farauta. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka koyar ta kama wa mai ita. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda har gobe ake karanta ta a zaurukan Karaye, ta kawo hukuncin, ta kuma taƙaita ajiye kare ga mai gadin gona, mai kiwo, da mai farauta don neman abinci. Masu sharhi kan kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sunan da malamai suka ba irin wannan kare: mu'allam, wato wanda aka sanar. Tushen kalmar ɗaya ne da ilimi, ɗaya ne da mu'allim, inda muka samo malam. To ta yaya za a gane kare ya zama mu'allam? Malaman ba su shiga binciken abin da ke zuciyar kare ba. Sharuɗɗa suka gindaya waɗanda ido ke iya gani: in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ni da sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, wannan ya yi mini kama da abin da muke yi kullum. Kafin ka ce manhaja ta yi aiki, sai ka rubuta gwajin da za ta ci ko ta faɗi, wanda ko ba kai ba wani zai iya maimaitawa. Ƙarnuka kafin masana halayyar dabbobi na Turai su yanke shawarar auna abin da dabba ta aikata maimakon hasashen abin da take ji, fuƙaha'u sun riga sun tsaya a nan, saboda halaccin naman da za a ci ya rataya a kai.

Sun kuma yi saɓani a kan wani abu da ya shafi maganarmu kai tsaye. Idan karen ya ci wani abu daga abin da ya kama fa? Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, bisa hadisin Adiyyu bin Hatim da ke cikin Buhari da Muslim, suka ce kada a ci, domin alama ce ta cewa kansa ya kama wa. Imam Malik bai sa wannan sharaɗi ba, ya dogara da abin da ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abdullahi bin Umar da Sa'ad bin Abi Waƙƙas. A mazhabar da ƙasar Hausa ke bi ke nan, kare yana iya taɓa rabonsa bai fita daga sahun masu ilimi ba.

Rabon nan kuwa shi ne ginshiƙin dabarar mafarauta. Mai kare yakan ɗauko shi tun yana kwikwiyo, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ke ba shi abinci da hannunsa, kuma da wuya ya ajiye kwanon bai kira sunansa ko ya yi masa fito ba. Kafin kwikwiyon ya san daji, ya riga ya san cewa wannan sauti na wannan mutum ne, kuma bayansa abinci ke zuwa. In ya tasa sai a haɗa shi da manyan karnuka, ya ga yadda ake bin sawu da yadda ake tare hanya. Ranar da aka yi kamu, a feɗe, a jefa masa kayan ciki tun da ɗuminsu. Ba kyauta ba ce, ladan aikinsa ne, kuma ya san hakan.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka gano wannan ba. Gaston Febus, wani basarake a kudancin Faransa, ya rubuta littafin farauta wajen 1387 zuwa 1389, kuma a farautar sarakunan Turai na wancan zamani akwai al'adar tara karnuka bayan an kashe dabba, a ba su kayan ciki a kan fatarta ana busa ƙaho. Sauti da nama a lokaci guda. Ko'ina mutum ya dogara da kare don cin abinci, sai ka tarar ya iso wannan matsaya.

Ba ina nufin hannun mafarautanmu tsarkakakke ba ne. Ana yanke wa karnuka kunne, ana hana su abinci gabanin farauta don su yi zafin nema, akwai masu ɗura musu haɗe-haɗen magani wai don su yi zuciya, kuma gorar da ake bugun zomo da ita takan sauka a bayan kare. Amma ka lura da inda duka ke shiga da inda ba ya shiga. Babu mafaraucin kirki da zai kira karensa, ya zo, sannan ya doke shi. Ya san in ya yi haka ya kashe kiran.

Akwai matsala guda da duk mai koyar da dabba ke cin karo da ita, wato tazarar da ke tsakanin aiki da lada. Kare ya yi abin kirki can nesa, ya tare zomo ta inda ya dace. Kafin ka iso, ka yanka, ka feɗe, ka ba shi rabonsa, ya yi abubuwa ashirin: ya yi haushi, ya yi faɗa da wani kare, ya kwanta, ya tashi. Wanne daga ciki aka biya shi? Ba shi da hanyar sani. Mafarauci yakan cike wannan giɓi da murya, ya kwarara wa karen kirari ko ya kira sunansa da wata irin murya a daidai lokacin da ya yi abin. Wannan muryar alkawari ce: na gani, ladanka na nan tafe. Abin da kimiyya ta ƙara a ƙarni na 20 shi ne ta ɗauki wannan alkawari ta auna shi, ta gano cewa daƙiƙa ɗaya ma tana da nauyi.

Ta fara da maguna. A 1898 Edward Thorndike a Amurka ya riƙa sa mage a akwati mai sakata, abinci a waje, yana ƙidaya lokacin da take ɗauka kafin ta fita. Ya ga duk motsin da ya buɗe ƙofa yana ƙara yawaita, sauran suna raguwa. A Rasha kuma Ivan Pavlov, wanda ya sami kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, ya nuna cewa sautin da aka saba haɗawa da abinci yakan sa kare dalalar da miyau ko babu abincin. Rabi da rabi ke nan: ɗaya ya nuna lada na ƙarfafa aiki, ɗaya ya nuna sauti na iya tsayawa a madadin lada.

Amma masu horar da karnuka na wancan lokaci wata hanya suka bi. Konrad Most, jami'in da ya tsara horon karnukan 'yan sanda a Jamus, ya fitar da littafinsa a 1910. Mutum ne mai lura, ya fahimci muhimmancin lokaci sarai, sai dai ya gina tsarinsa a kan tilas: fizgar wuya da tsumagiya in an ƙi, sassauci in an bi. Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka yaye dubban masu riƙon karnukan soja a kan irin wannan tsari, suka koma gida suka buɗe makarantu. Littafin William Koehler na 1962, mai dogaro da sarƙar shaƙe wuya, ya daɗe yana cikin waɗanda aka fi bi a Amurka. Wato su ma horonsu kaya biyun nan ya ɗauko, irin namu.

Canjin ya zo ta inda ba a zata ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, B. F. Skinner, masanin halayya, ya shawo kan hukuma ta ba shi kuɗi ya koya wa tantabaru tuƙa makami mai linzami ta hanyar saran hoton abin hari da baki. Aikin yana gudana ne a saman benen wani injin niƙa fulawa na kamfanin General Mills a birnin Minneapolis. Wata rana a 1943, shi da ɗalibansa Keller Breland da Norman Guttman suka so koya wa wata tantabara buga 'yar ƙwallon katako da baki. Suka zauna jiran ta buga don su ba ta hatsi, ta ƙi. Da suka gaji sai suka sauya dabara. Suka riƙe makunnin na'urar ba da hatsi a hannu, ta kalli ƙwallon suka danna, ta matsa kusa suka danna, ta taɓa suka danna. Cikin 'yan mintoci tana buga ƙwallon tana bin ta. Na'urar tana yin ƙara duk lokacin da aka danna, kuma ƙarar ce ke gaya wa tsuntsuwar wane motsi aka saya. Sojoji sun soke aikin makamin a 1944, amma abin da aka gano a ranar ya fi makamin daɗewa: ba sai ka jira dabba ta yi abu cikakke ba, kana iya biyan ta mataki-mataki har ta isa.

A 1951 Skinner ya rubuta maƙala a mujallar Scientific American yana koya wa mutanen gida yadda za su gwada wannan da karensu. Ya ba da shawarar a nemi wani ɗan abin wasan yara na ƙarfe, wanda in an matsa shi yake yin ƙyas, Turawa suna kiran sa da sunan gyare saboda kukansa. Shi ne kakan abin da masu horon kare a yau suke kira kilika.

Yadda ake aiki da ita ba wuya. Da fari ka matsa, ƙyas, ka miƙa ɗan abinci nan take, gutsuren busasshen kifi ko ɗan nama kamar ƙwayar wake. Ka maimaita har ka ga da ya ji ƙarar sai ya ɗago yana neman hannunka. Daga nan ƙarar ta zama kuɗi. Kana son ya kwanta a kan buhu? Ya kalli buhun, ƙyas. Ya taka shi, ƙyas. Ya tsaya a kai, ƙyas. Sannan ka daina biyan tsayuwa sai ya sunkuya. Idan ya yi kuskure ba a ce masa komai, shirun ya ishe shi bayani. Sai ya ƙware sannan a liƙa wa aikin suna, a riƙa faɗar kalmar kafin ya yi. Doka ɗaya ce ba a karyawa: duk ƙyas sai an biya. Kilikar da ake matsawa ba biya kamar cekin da banki ya dawo da shi ne, sau biyu uku ka gama zubar da mutuncinta.

Keller Breland da matarsa Marian sun bar jami'a suka mai da abin sana'a. Suka kafa kamfani a shekarun 1940, daga baya suka koma Hot Springs a jihar Arkansas, suna horar da kaji da zomaye da aladu don tallace-tallace da wuraren shaƙatawa. A 1961 suka ba da rahoton cewa sun horar da dabbobi sama da 6,000 daga jinsi 38. Amma maƙalar da suka faɗi haka a ciki, labarin gazawa ta zo bayarwa. Sun koya wa alade ɗaukar kuɗin katako ya kai asusu a ba shi abinci. Ya iya tsaf. Bayan makonni sai ya fara yar da kuɗin a ƙasa yana tunkuɗa shi da hanci yana tono, har ya kai ga rasa abincinsa. Halin da aka haife shi da shi ya dawo ya rinjayi abin da aka koya masa. Wannan bai zama labari ga mafarauci ba. Babu gutsuren naman da zai sa kare ya bar zomon da ya tashi a gabansa, shi ya sa gwanin bai yi faɗa da wannan hali ba, ya mai da bin zomon kansa ya zama ladan. Hali zanen dutse, in ji Bahaushe, aikin mai horo ya san ta inda zanen ya bi.

Duk da haka duniyar karnuka ta yi kusan shekara arba'in ba ta waiwayi kilika ba. Sai da aka bi ta teku. A 1963 Karen Pryor ta karɓi aikin horar da dolfin, wata dabbar teku mai shayarwa kamar yadda ayu yake a kogunanmu, a Sea Life Park da ke Hawai. Dolfin ba ya ɗaurewa, ba ya dakuwa, in ka ɓata masa rai ya nutse ya bar ka a tsaye da bokitin kifinka. Usur da kifi kaɗai ke gare ta. Halin da ta shiga shi ne halin mafarauci a dajin Rogo: dabbar da ke da ikon tafiya, dole ka ba ta dalilin dawowa. A 1984 ta fitar da littafinta Don't Shoot the Dog, wato kada a harbe karen, sannan a 1992 ita da wani mai horon karnuka, Gary Wilkes, suka fara tarukan koyar da masu kare da 'yar kilikar roba. Intanet na tasowa a lokacin, abin ya bazu. Ta rasu a Janairun 2025.

Bari in ɗan ratse zuwa fagena. Matsalar nan ta wanne aiki aka biya, mu ma ita ke hana mu barci. Kuskure yana layi na ɗari, manhaja ba ta faɗi ba sai a layi na dubu goma, ka nemo mai laifi. Marvin Minsky ya bayyana ta a 1961 a matsayin babbar matsalar koyar da na'ura: in an ci wasa bayan motsi hamsin, wane motsi za a yaba wa? Richard Sutton da Andrew Barto suka shafe shekaru a kanta, kuma ba su ɓoye cewa daga binciken dabbobi suka ɗauko tunanin ba. Maganinsu shi ne na'ura ta koyi daraja alamomin da ke nuna lada na tafe, ba ladan kaɗai ba. Kilika ke nan cikin lissafi. Da irin wannan koyo manhajar AlphaGo ta doke gwanin wasan Go, Lee Sedol, ci 4 da 1 a 2016, kuma a Maris 2025 aka sanar da ba su biyun kyautar Turing, mafi girma a fanninmu. A 1997 kuma Wolfram Schultz da abokan aikinsa suka nuna cewa a ƙwaƙwalwar biri, ƙwayoyin da ke sakin sinadarin dofamin da fari suna harbawa ne in lada ya iso, amma bayan koyo sai su koma harbawa a kan alamar da ke gabansa. Fiton mafarauci yana da mazauni a cikin kan karensa.

Wanda ya fi ba ni dariya a tarihin nan shi ne gafiya. Dabbar da karnukanmu ke tonowa daga rami, wadda muke ce wa ta tsira da na bakinta, 'yar'uwarta ta gabashin Afirka ta zama ma'aikaciya. Ƙungiyar APOPO, wadda Bart Weetjens ɗan Beljiyam ya kafa a 1997, tana horar da gafiyoyi a Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya, da kilika da ayaba. Suna shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa, kuma ba su da nauyin da zai tayar da su. Sun yi aiki a Mozambik, wadda aka ayyana ta rabu da nakiyoyin da aka sani a 2015. Wasu kuma majinar marasa lafiya suke shinshinawa su nuna mai tarin fuka. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya sami lambar zinare a 2020 saboda aikinsa a Kambodiya. Da a gonar rake aka gamu da shi a Rogo, da tuni ya sha yaji.

Kada mai karatu ya tashi neman inda ake sayar da kilika. Gwaje-gwajen da aka yi don kwatanta ta da gajeriyar kalma ba su nuna ta fi ba in dai an kiyaye lokaci. Fito ya isa, taɓa harshe da ganɗa ya isa, yauwa ma ta isa in ba a yi ta barkatai ba. Abin da bincike ya fi nunawa a fili shi ne illar ɗaya hanyar. Wani nazari da aka buga a 2020 daga Jami'ar Porto a Fotugal, kan karnuka 92, ya sami alamun firgici da hauhawar sinadarin damuwa sun fi yawa ga waɗanda ake horarwa da tsawa da fizga.

Mu kuwa ba ma buƙatar ɗakin bincike don ganin wannan. Ka tsaya a kowane lungu a Karaye, kare na wucewa, ka sunkuya kamar za ka ɗaure takalmi. Kafin hannunka ya kai ƙasa ya ɓace. Babu wanda ya zauna ya koya masa, amma an koya masa, da irin ƙa'idar Pavlov ɗin nan: sunkuyo alama, dutse biya. Yaran unguwa ba su taɓa fashin biya ba.

Dajin da ya haifi ɗaya ilimin kuma yana ƙanƙancewa. Madatsar ruwa ta Challawa, da aka kammala a ƙasar Karaye a 1992, ta shanye fadamu da gonaki, noman rani ya kewaye bakinta, jama'a ta ƙaru, saura ta zama gona. Barewa da gada sun zama labari a wurare da yawa, sai zomo da kurege da gafiya. Mafarauta sun koma hawa mota da karnukansu zuwa dazuzzuka masu nisa, har kudancin ƙasar nan, da duk hatsarin da ke cikin hakan. A birnin Kano kuwa kalmar daba, wadda asalinta matattarar mafarauta ce, ta koma sunan wani abu daban, karen farauta kuma ya zama zagin ɗan siyasa. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Zomon bana ya ragu, karnuka kuma ba su ragu ba.

Abin da ya rage a gabansu ya fi zomo haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 daga cizon kare, kuma wajen kashi 40 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar don allura, kada ya tsaya jiran ya ga ko karen zai haukace. Amma hanyar da ta fi araha ita ce a tare ciwon a jikin karnukan. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, aka dinga maimaitawa, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato, wadda ta faro tun 1924, tana cikin masu haɗa allurar a nan gida.

Allurar ba ta ɗaukar rabin minti. Abin da take bukata shi ne wani ya kira kare ya zo, ya riƙe wuyansa ya tsaya cik, baƙo ya matso da abu a hannu, ya sunkuya a kansa. In an tura shi ya tafi, in an tsai da shi ya tsaya, sharuɗɗan nan biyu na malaman Malikiyya. A ƙauyukan Karaye da Rogo, karnukan da za su ci wannan gwaji galibi na mafarauta ne. Sauran, na gadi da na bola da na kan hanya, waɗanda su ne yara ke cin karo da su a hanyar makaranta, da sun hango malamin dabbobi ya sunkuya buɗe akwatin allura sun tsallake katanga.